Kogi a Kan Tebur

Sha ɗayan dare a Abuabo.
Ruwan Kumasi na dukan kwano kamar mai bin bashi,
ni kuwa ga kogi shimfiɗe a kan teburina,
busasshe, mai ladabi,
shuɗin layi ɗaya da na ja da hannuna.

Wata huɗu ke nan ina gina masa baki.
Zauren fasinja, kujera ɗari biyu da arba'in.
Rumbun kaya da ma'auninsa,
tagar kwastan, tagar mai buga hatimi,
sai ƙofa biyu: ta 'yan ƙasa, ta baƙi.
Oga Kwarteng na ofishinmu a Adum
ya duba ta saman tabarau ya ce ya yi,
saura kuɗin siminti.

Kawu Tanimu, da aka kawo daga bakin Oti
don a cire masa yanar ido,
ya taso daga tabarma, bandeji a fuska,
ya ce a ba shi ya gani.
Na miƙa masa ɗan ginin kwali.
Ya bi shi da yatsun
da shekara arba'in na fito suka yi wa kanta.

"Wannan matakalar ta wane wata ce?"
Na ce ta kullum.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Kogi ba shi da kullum, Balaraba.
A watan tara yakan kwana a gindin kuka,
a watan uku sai kin taka yashi mai zafi
kina nemansa kamar ɓatacciyar akuya.
Naki ƙosasshe ne, ko mai jin yunwa?"

Ban amsa ba.
Ma'aunin ruwan yana cikin fayil, na karanta shi,
amma lamba ba ta taɓa jiƙa mini zane ba.

Yatsansa ya tsaya tsakanin ƙofofin.
"Asabe mai kifin banda fa?
Cibiyarta na binne a ƙetare,
gonar rogonta na nan,
kowace Talata takan haye ta gaida uwarta
ta dawo kafin la'asar.
Ta wace za ki shigar da ita?"

Ya ce sa ba ya hawa matakala,
gangare yake so, mai kaushi,
kuma in ya hango ruwa ta ƙarƙashin kofatonsa
ko mutum goma ba sa ja shi.
Ya ce albasa ba ta jiran hatimi,
kwana biyu a rufe, sai kuka da wari.
Sannan ya yi shiru.
Can ya ce: "Ranar da na ƙetaro da gawar babanki
tsakanin buhunan gawayi muka ajiye makara
muna jiran ma'aikaci ya gama cin abinci."

Wuta ta ɗauke.
Na kunna fitilar waya, na ɗauki abin goge fensir.

Na rushe bango ɗaya, iska ta shiga rumbu.
Matakala ta kwanta ta zama gangare,
dogo, yana bin ruwa duk inda ya janye.
Na cire kujera talatin
na bar fili ga mai kwando da goyo.
A gefen gabas na keɓe ɗan ɗaki,
tsawon mutum kwance da masu tsayuwa shida,
da famfo, da inuwa.
Ban rubuta masa suna ba.
Oga zai tambaya. Zan ce wurin jira ne.

Ƙofofin nan biyu dai sun fi ƙarfina,
doka ce, ba fensir ba.
Iyakar abin da na iya:
na ja rufi ɗaya a kansu,
yadda in ruwa ya sauko
Asabe da mai fasfo za su fake tare.

Da asuba kawu na minshari,
garin roba ya cika teburin kamar tsakin masara.
Na hure shi.
Ya zuba cikin kogin.